Hayar babur ɗin ƙanƙara a yankin Muskoka (Ontario, Kanada) da yara: wa ya taɓa yi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mun kama gidan hutu a bakin tafki kusa da Huntsville don hutun Family Day na Fabrairu. Maigida ya dage sai mun yi hayar babur ɗin ƙanƙara samfurin Ski-Doo guda biyu, kuma masu hayar suna jiran kuɗin ajiya kafin Juma'a. Yaranmu uku: mai shekara 14, mai 9, da auta mai 4. Mu biya ko mu haƙura? Auta ce damuwata.

Ɗan Katsina: Wa alaikumus salam Hajiya. Ku fara duba tayoyin motarku. Hanyar 11 in ƙanƙara ta sauko ba wasa ba ce.

Anti Bilki: Ku sayi safar hannu mai kauri. Ta wajen mai hayar duk ta sha jiki.

Baban Sadiq: Hajiya, ni dai shawarata kada ku hau kan tafkin ko da wasa. Bara muka je da ƙanin matata. Mai gidan ya ce ƙanƙarar ta yi ƙarfi, ga sawun wasu a kai. Muna isa wajen da rafi ke shigowa tafkin sai babur ɗinsa ya nutse cikin jiƙaƙƙiyar ƙanƙara har wurin zama. Ruwa ya cika masa takalmi, yatsunsa suka yi fari fat, yana kuka kamar yaro muna cire masa safa. Matata tana bakin gaɓa tana salati. Babur ya kwana a nan, washegari muka biya aka janyo shi. Kamfanin ya riƙe dala 2,500 na ajiya gaba ɗaya, wai inshorarsu ba ta shafi kan tafki ba. Har yau surukata ba ta sake min fuska ba.

Anti Bilki: Subhanallahi. Allah ya tsare gaba. Amma 2,500? Mu 1,500 aka riƙe a kati, haya kuma 350 a wuni.

Ɗan Katsina: 350 a ina? Ni 280 na biya har da hular kwano.

Anti Bilki: Ba a ƙarshen mako ba dai, Malam.

Injiniya: Matsalar kaurin ƙanƙarar tafkin ce. Lifesaving Society, ƙungiyar kare mutane daga nutsewa a ruwa, ta ce santimita 12 na ƙanƙara garau ya isa babur ɗaya. Farar ƙanƙara rabin ƙarfin garau take da shi, mai ruwan toka kuwa kada ka taka.

Baban Sadiq: Red Cross ta ce 25. Kuma Injiniya, ka taɓa hawa kuwa? Ni na ga abin da idona.

Injiniya: Ganin ido ba ya auna ƙanƙara, yaya. Da ka huda ka auna da ba haka ba. Bakin rafi kullum sirara take saboda ruwa na gudu a ƙasa.

Ɗan Katsina: Ku bar Baban Sadiq, Bazazzagi ne, acaɓa ya ɗauka abin.

Baban Sadiq: Ba abin dariya ba ne wallahi.

Maman Ilham: Don Allah maganar auta fa?

Umman Yusra: Yaya, likitocin yara na Kanada sun ce kada a goya yaron da bai kai shekara 6 ba. Ki zauna da ita a gida, ku yi shayi. Mai 14 kuma sai da lasisin babur ɗin zai tuƙa, kuma yawancin masu haya ba za su ba shi ba. Ku bi hanyoyin tudu na OFSC, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu babur ɗin ƙanƙara ta Ontario, ku tabbatar takardar izinin hanya tana manne a jikin babur ɗin.

Anti Bilki: Ni abin da ya fi ci min rai da gidajen hutun nan shi ne mutanenmu. Aka yi karo-karo iyali huɗu, ranar tafiya wani ya zo da baƙi biyar bai faɗa wa kowa ba. Mai gidan ya ƙirga motoci ya ƙara mana kuɗi.

Ɗan Katsina: Anti, in da ni kike, baƙin daga Najeriya suka zo. In bar su a Brampton su kaɗai?

Anti Bilki: Ban kama suna ba. Amma kuɗin sharar gidan ni na biya, har yau ba wanda ya mayar min da ko sisi.