Jarrabawar LSAT da na soke ta cinye min zama na biyar, akwai mafita?

Assalamu alaikum. Ina neman gurbin karatun lauya a Amurka, kuma na maƙale. Ƙa'idar LSAC, hukumar da ke shirya LSAT (jarrabawar shiga makarantun lauya), ita ce zama biyar a cikin shekaru biyar da ake lissafa sakamako, bakwai kuma a duk tsawon rayuwa. Na zauna huɗu da sakamako, mafi girma 158 cikin 180. A na biyar, wanda na yi daga gida, intanet ɗina ya yanke sau biyu ana tsakiyar sashen karanta dogon nassi, hankalina ya tashi, sai na soke sakamakon da kaina cikin kwana shidan da aka ba da dama bayan jarrabawar. Kuskurena ke nan: ban shigar da ƙorafin matsalar na'ura ba, sokewa kawai na yi.

Na sake karanta ƙa'idar. Wanda ya janye kafin ranar ko bai halarta ba, ba a ƙirga masa, amma wanda ya soke ana ƙirgawa. Yanzu rajista ta ƙi karɓata, ga wa'adin neman gurbi yana matsowa.

Don Allah, wanda ya taɓa neman a ɗage masa wannan iyaka: wace shaida ce ake karɓa idan ba a yi ƙorafi a ranar jarrabawar ba?