Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: wa ake zargi?

Ɗan Auta:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman masana su warware mini wata magana. Gida mahaifinmu ya bar mana, har yau ba a raba ba. Biyu daga cikin yayyena suka saɓa da babban wanmu a kan kuɗin hayar shagunan da ke jikin gidan, sai wani dillali ya bi ta bayan fage ya saye rabonsu da araha. Da aka zauna, kawunmu bai ce komai ba illa, "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Babban yaya ya tashi ya fice a fusace, wai an wanke dillali an ɗora mana laifi. To karin maganar nan zargi ce ko nasiha?

Tsohon Magini:
Wa alaikumus salam. Yaro, bari in faɗa maka abin da hannuna ya sani, malamai su ɗora nasu. Ƙadangare ba ya haƙa bango. Gara tana ci, gafiya tana tono, ɓera yana huda, shi kuwa sai dai ya tarar. Da masu magana suna son su zagi baƙo, da gafiya suka ambata. Tunda suka zaɓi ƙadangare, bakinsu yana kan mai bango.

Kuma tsagewa iri biyu ce a ginin ƙasa. Akwai ta sama-sama, wadda rana ke yi wa yaɓe idan an kwaɓa ƙasa ba a sa mata isasshiyar ciyawa ba. Wannan kafin damina ka jiƙa wurin, ka cusa ƙasa, ka shafe da makuba, an gama. Akwai kuma wadda take tasowa daga tushe, inda indararo ya karye ruwa ya yi ta zuba a gindin bango shekara da shekaru. Ita za ka gan ta ta miƙe daga ƙasa zuwa sama, tana buɗe baki kowace damina. Ko ka toshe ta sau goma sai ta dawo, dole a rushe wannan ɓangaren a sake ɗora tubali. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu zuwa su watsa siminti a kan bangon ƙasa don ya yi kyau. Siminti ba ya kama ƙasa, ruwa ya shiga bayansa ya kwanta, wata rana ka wayi gari ya ɓanɓaro gaba ɗaya. Ku duba taku wace iri ce.

Malamar Hausa:
Baba Magini ya gama rabin aikin. Abin da zan ƙara shi ne, ku lura da "sai" ɗin da ke farkon maganar. Sharaɗi take gindayawa, wato wannan ba ya faruwa sai wancan ya riga shi. Ba ta ce ƙadangare ya kyauta ba, ba ta ma yi masa hukunci ba. Wanda ke son raba laifi biyu yana da tasa karin maganar, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Wanda ke son nuna maci amana a cikin gida sai ya ce da ɗan gari akan ci gari. Kowace da gurbinta. Ta bango jan kunne ce, kuma lokacinta kafin a yi ɓarna. Idan aka faɗe ta bayan aikin gama ya gama, kunnen wanda aka cuta ba zai ji komai ba sai "ku kuka jawo". Ina jin abin da ya fusata yayanka ke nan, Ɗan Auta.

Uwargida Ran Gida:
Malama, Allah ya saka da alheri, amma ni ban yarda maganar nan tana da tsarki haka ba. Ku zo zauren sulhun aure ku ji yadda ake amfani da ita. Mace ta sha wuya ta yi shiru, ta sha ta yi shiru, ranar da ta kai ƙara gidansu sai gwaggo ta zaunar da ita ta ce, "Ke kika tsaga bangonki, ga shi ƙadangaru sun shigo." Su wane ne ƙadangarun? Uwar da ta haife ta da wanta da ya zo bin kadi. Wato faɗar ciwon shi ne tsagewar, ba dukan da ya kawo ciwon ba. Wata maƙwabciyata haka aka yi ta rufe mata baki da wannan magana da "ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba", har sai da aka kwantar da ita a asibiti kafin danginta su san abin da take ciki.

Malamar Hausa:
Hajiya, wannan ba laifin karin maganar ba ne, laifin mai riƙe da ita ne. Wanda ya daki matarsa shi ya karya indararon da Baba Magini yake faɗa.

Uwargida Ran Gida:
To ai a bakin mutane take rayuwa, Malama, ba a cikin littafi ba.

Bazazzagi:
Ku bar ni in kai ku tarihi, don a nan maganar ta fi zama daram. Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya naɗa Tukur ɗan marigayin. 'Ya'yan tsohon Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi suka ce ba su yarda ba, suka fice tare da ɗan'uwansu Yusufu suka yi sansani a Takai. Duka jikokin Ibrahim Dabo ne fa, 'yan wa da ƙani. Yusufu ya rasu ana cikin yaƙin, ƙaninsa Alu ya karɓi tuta ya shiga birni, aka ƙare da kashe Tukur a 1895. Shekara takwas bayan nan, ranar 3 ga Fabrairun 1903, Turawa suka ci Kano. Kanawa, wa ya tsaga muku bango?

Bakano Ɗan Birni:
Ka ji Bazazzagi da tsokana. Kai da sarkinku Kwasau ya aika wa Nasara da kansa su zo su kare shi daga Nagwamatse na Kwantagora, suka zo a 1902 suka zauna, daga baya suka tuɓe shi? Mu bangonmu tsagewa ya yi, ku ƙofa kuka buɗe kuka shimfiɗa tabarma.

Amma in bar wasa, misalinka bai zauna ba. Basasa ta ci mutane, ta bar gaba a zukata, wannan babu musu. Sai dai abin da ya zo a 1903 ba ƙadangare ba ne. Mutane ne da igwa da bindiga mai ruwa, ga Sarki Alu ma ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. Sakkwaton ita ma ta faɗi a watan Maris na shekarar, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Duk waɗannan tsagewa ce ta ci su? Akwai abin da ke jiran kafa ya shiga, akwai abin da ke rushe bango ko da lafiyarsa lau. Idan muka dinga ɗora wa kowace faɗuwa wannan karin magana, za mu wayi gari muna cewa duk wanda aka fi ƙarfi shi ya jawo wa kansa.

Badamagare:
Ɗan Birni ya yi gaskiya a kan Nasara, mu ma Faransawa sun ci Damagaram a 1899. Amma ya tsallake wani abu. Tsakanin basasa da zuwan Turawa wa ya yi ta kawo wa ƙasar Kano hari? Sarkinmu ne, Amadu Kuran Daga. Ya ga maƙwabci ya fito daga yaƙin cikin gida a jigace, ya ɗaura sirdi. In kana neman inda karin maganar ta dace a tarihin nan, to ga shi, kuma ban ji kunyar cewa mu ne ƙadangarun ba.

Bazazzagi:
Madalla da wanda ya amsa sunansa. Ɗan Birni, na karɓi rabin maganarka. Amma ko igwar ma ta fi saurin aiki inda kowa ke ta kansa. Zazzau daban, Kwantagora daban, Kano daban, ɗaya bayan ɗaya aka bi su.

Ɗan Taɓo:
Tunda an shiga tarihi bari in kawo na zamaninmu. Jam'iyyar PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, ba a jima ba ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo. Gwamnonin biyu, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suna Santsi, mu muna tare da Malam Aminu Kano. A lokacin ba maganar da ake yi mana a shago da tasha sai wannan ta bango da ƙadangare, wai mun buɗe wa NPN, jam'iyyar da ke mulkin ƙasa, hanya. Me ya faru? A 1983 Rimi ya koma jam'iyyar NPP ya tsaya takara, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi. Bango ya tsage har ana hango waje, NPN ba ta shiga gidan gwamnatin Kano ba. A Kaduna kuwa da aka tsige Balarabe a watan Yunin 1981, 'yan NPN ne ke da rinjaye a majalisar tun ranar da aka rantsar da ita. Suna cikin ɗakin tun farko, ba kafa suka nema ba.

Malamar Hausa:
Wannan bai karya ta ba, Alhaji. Cewa ta yi ba a shiga sai an tsage, ba ta ce duk inda aka tsage sai an shiga ba. Kano ɗinka ta tsira, shi ke nan. Misalin Ɗan Birni ne ya fi ƙarfi a kanta, domin shi ya nuna inda aka shiga da ƙarfin tuwo.

Ɗan Taɓo:
To ki faɗa wa 'yan siyasar yanzu, don su sun mayar da ita sandar duka. Da ka buɗe baki ka ce shugaban jam'iyya ya yi ba daidai ba, sai a ce kana tsaga bango. Zo mu zauna ai zo mu saɓa ne. Harshe da haƙori ma suna saɓawa.

Almajirin Zaure:
Allah ya gafarta malamai, an yi nisa an bar mai tambaya a tsaye. Ɗan Auta, akwai abin da ya fi muku muhawara amfani. A fiƙihun Malikiyya akwai babin shufa'a. Idan mutane sun yi tarayya a gida ko fili da ba a raba ba, ɗayansu ya sayar da rabonsa ga bare, sauran suna da haƙƙin su biya baren daidai kuɗin da ya biya su karɓe rabon, ko yana so ko ba ya so. Amma haƙƙin yana faɗuwa idan mutum yana gari, ya sani, ya yi shiru har kimanin shekara ta wuce. Tunda ka ce ba a raba gidan ba, ku je wurin malami masanin gado ko kotun shari'a da takardar cinikin, kada ku tsaya jayayya a kan wa kawu yake nufi. Arahar da dillalin ya saya ma ku za ta yi wa rana, don ita za ku biya.

Ɗan Auta:
Allah ya ƙara ilimi, Malam. Wallahi ba wanda ya taɓa faɗa mana wannan. Cinikin bai kai shekara ba. Matsalar ita ce kuɗin sai mun haɗa hannu, kuma babban yaya ba ya ɗaga wayar kowa.

Tsohon Magini:
Ka tura masa wadda yake jin kunya, gwaggo ko babbar yayarku, kada ka tura kawun nan. Kuma kafin a zo maganar dillali a fara baje lissafin kuɗin hayar shaguna a gaban kowa, wata nawa, nawa aka karɓa, ina suka shiga. Daga nan ruwan yake zuba.

Uwargida Ran Gida:
Kun ga shi namiji da aka faɗa masa, tashi ya yi ya fice, ga jama'a nan ana neman wanda zai lallashe shi. Malama, ke da kike koyar da ita a aji, ki faɗa mini tsakaninki da Allah, sau nawa kika ji an zaunar da maigida an ce masa shi ne ya tsaga bangon?