Maƙwabci ya kai ƙarar zakaruna: in sayar ko in riƙe?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma kafin Juma'a nake so in yanke hukunci. Ina da kajin Hausa tara a bayan ɗakina, mata bakwai, zakaru biyu. Gidan haya ne a Kano, akurkin kuma yana jikin bangon maƙwabcinmu, daidai ƙarƙashin tagarsa. Bawan Allahn aikin dare yake yi, sai bayan asuba yake shigowa ya kwanta, lokacin kuwa zakarun nan kamar gasa suke yi. Ya yi wa maigidana magana cikin mutunci, yanzu ya kai maganar wajen mai kula da gidan. Ni ba ƙwan ci nake nema ba, 'yan tsaki nake so, da su nake biyan kuɗin Islamiyyar yara. In na sayar da ɗaya na bar ɗaya, carar za ta ragu? Ko akwai wata dabara? Don Allah kar a ce in yanka babban, mahaifiyata ce ta ba ni shi don iri.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Hajiya a yanka su duka biyun, a yi farfesu, a kai wa maƙwabcin cinya. Magana ta ƙare.

Ummu Hanan: Ai kaza ba ta buƙatar zakara kafin ta yi ƙwai. Nawa shekara biyu ba zakara, kullum ina kwasa. Ki rabu da su ki huta.

Maman Sadiq: Anti na gode, amma na ce ƙyanƙyasa nake so. Ƙwan da ba zakara, ko ta shekara tana kwanci a kai, ba abin da zai fito.

Malam Na Zariya: 'Yar uwa, mata bakwai zakara ɗaya ya ishe su, har goma ma yana iya riƙewa. Biyu a wuri ɗaya kuwa amsa wa juna suke yi, babban ya fara, ƙaramin ya karɓa. In kin cire ɗaya za ki ji sauƙi, amma kar ki sa rai da shiru. Abin da ya yi mini aiki shi ne, da magariba nake kama shi in sa shi a kwali mai huji-huji, gajere yadda ba zai miƙe wuya sosai ba, in ajiye a ɗakin ajiya mai duhu, sai hantsi in sake shi. Yana yi a ciki, amma sautin ba ya fita kamar da. Ki matsar da akurkin daga tagar mutumin tukuna, wannan ne farko.

Baba Mai Goro: Wai yau zakara ake kai ƙara? Annabi (SAW) ya ce kada a zagi zakara, domin yana tayar da mutane sallah. Ya kuma ce in mun ji cararsa mu roƙi Allah falalarsa, domin mala'ika ya gani. Mu da muka tashi ba agogo, da shi muke sahur.

Malam Na Zariya: Gaskiya ne Baba, Allah ya ƙara girma. Amma shi ne kuma ya ce Jibrilu bai gushe ba yana masa wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado. Mutumin nan bai zagi zakara ba, barci yake nema.

Hajiya Yalwa: Ƙanwata, ki saurare ni da kyau, don abin da kike ciki na shige shi, kuma har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi. Ni ma haka aka fara da ni, da sallama da murmushi. Matar da muke katanga ɗaya ta ce jan zakarana yana tayar mata da jariri. Na ba ta haƙuri, na ɗaga akurkin zuwa ɗaya ɓangaren, har bulo na saya aka ƙara wa katangar. Duk bai yi mata ba. Ran nan na tafi biki Gaya na kwana, na dawo da hantsi na tarar da kajina a zube a tsakar gida. Har da wata wake-wake da ke kan ƙwai goma sha biyu, saura kwana uku ta ƙyanƙyashe, na same ta a kife a kan ƙwan, sun yi sanyi. Tsaki na gani an watso ta kan katanga, ni kuwa dusa kaɗai nake ba su. Na kai wa mai unguwa, ya ce ina shaida? Maigidana ya ce in bar wa Allah. Matar nan har gaisuwa ta shigo yi mini, tana cewa Allah ya mayar da alheri. Kaji goma sha tara, jarina kenan gaba ɗaya, da kuɗin adashe na tara su. Wallahi tun daga ranar ban sake kiwon ko tsako ɗaya ba. Ki sayar tun suna da rai.

Ummu Hanan: Innalillahi! Hajiya sannu. Mutum abin tsoro ne.

Ɗalibin Dabbobi: Hajiya Allah ya mayar miki. Amma in tambaya, a wane lokaci ne? In da hunturu ne, kuma kin ga koren kashi, ko wasu na murɗe wuya kafin nan, to ba mamaki fakat ce ta shigo, wadda ake kira Newcastle. Tana share akurki cikin 'yan kwanaki, mutane su ɗora wa maƙwabci. Akwai rigakafinta da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ke yi, ɗigo ne a ido.

Hajiya Yalwa: Yaro, tun ba a haife ka ba nake kiwon kaji. Na san fakat, na san guba. Fakat ce take watso tsaki ta kan katanga?

Ɗalibin Dabbobi: Allah ya huci zuciyarki Hajiya, ban ƙaryata ki ba. Maman Sadiq, game da duhu: masu bincike a jami'ar Nagoya ta Japan sun nuna a 2013 cewa carar asuba agogo ne a jikin zakara, ko ba a canza masa haske ba yana yi idan lokacin ya zo. Don haka kwali rage ƙara yake yi kawai. Ita kuma igiyar wuya da ake tallatawa don rage carar zakara, ki kiyaye ta, in ta matse tana iya shaƙe shi ko ta hana shi haɗiye abinci.

Baba Mai Goro: Sai an je Japan kafin a san wannan? Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Ɗan Fagge: Baba ai har Faransa an kai zakara kotu a 2019, kuma shi ya ci shari'ar. Maman Sadiq ki nema wa naki lauya kawai.

Maman Sadiq: Hajiya Yalwa, jikina ya yi sanyi wallahi. Amma maƙwabcin nan mutumin kirki ne, shi ya kai Sadiq asibiti da dare lokacin da babansa ba ya nan. In ƙaramin zan sayar, nawa zai yi yanzu?

Ummu Hanan: Satin da ya wuce na saya wa mai jego babba a Tarauni, dubu goma sha biyu.

Ɗan Fagge: Anti an cuce ki. Dubu bakwai na saya a Wudil ran Juma'a, kuma ƙato.

Malam Na Zariya: Kuɗin saye daban, na sayarwa daban. In ita ta kai da hannunta, dillali ba zai wuce dubu biyar ba. Ta jira Sallah in za ta iya.

Maman Sadiq: Malam Juma'ar nan aka ba ni, ina ni ina jiran Sallah?

Abu Fatima: Ni abin da ke ba ni haushi, shi mai kula da gidan da ke karɓar ƙarar zakara, ina yake lokacin janareto? A gidanmu akwai wanda ke tayar da nasa daga isha'i har ƙarfe biyun dare, a bakin tagata, hayaƙin na shigowa kan yara. Ƙaramar har tari take kwana yi. Na yi magana, aka ce ai shi yana biyan kuɗin shekara biyu a dunƙule. Da talaka ce mai kaza, da tuni an ba ta wa'adi.

Hajiya Yalwa: Faɗi ka ƙara, ɗana. Waccan matar ma injin markaɗe ta girka daga baya, tun ƙarfe shida yake ruri, ba wanda ya ce uffan.

Ummu Hanan: Mu kuma masu kiɗan biki ne, su toshe layi da kujeru har tsakar dare, ko mara lafiya ba a tausayi.

Ɗalibin Dabbobi: Hayaƙin janareto ba wasa ba ne Yaya Abu Fatima, yana kashe mutane a cikin barci in wurin a rufe yake. Kar ka bari a ci gaba da ajiye shi a bakin taga.

Abu Fatima: To ya zan yi? Na ce a mayar da shi zaure, ya ce ɓarayi za su ɗauke. Kuɗin hayata zai ƙare watan gobe, kuma an riga an aiko cewa an ƙara dubu hamsin. Akwai wanda ya san ɗaki biyu da falo wajen Hotoro ko Mariri, wanda ba sai ta hannun dillali ba?