Sabuwar kwamfuta ta ƙi tashi: wa abin ya taɓa samu a Damagaram?

Ɗaliba, Karkada

Salamu alaikum iyaye da yayye. Baba ya saya mini sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka don rubutun memuwar ɗina a jami'ar André Salifou. Ni na fiddo ta daga kwali, ni na yage ledar. Na danna maɓallin kunnawa, shiru: ba fitila, ba motsin fanka, ekaran baƙi ƙirin. Maƙwabcinmu ya ce a kwance ta a duba ciki, ƙawata kuma ta ce a sake zuba mata Windows. Da ƙyar Baba ya haɗa kuɗin nan, shi ya sa ba na son kowa ya taɓa ta sai na ji daga bakinku.

Malamin lise, Birni

Wa alaikumus salam ƴata. Kwantar da hankalinki tukuna, tawa ma haka ta yi ranar farko. Kamfanoni da yawa kan kulle batir kafin su sa kwamfuta a kwali, don kada ya tsiyaye a doguwar tafiyar da kaya ke yi kafin su iso shago. Irin wannan ba ta farkawa sai ta ji caja. Na jona tawa, na bar ta ta sha wuta, na danna, ta tashi lafiya lau. Ki yi amfani da cajar da ta zo da ita, kuma ki soka a bango kai tsaye, don ralonj ɗin gidajenmu da yawa bakinsu ya saki.

Mai gyara, bayan kasuwar Dole

Maganar Malam haka take. Ƙanwata, duk wanda ya shigo shagona da irin wannan kuka, abin da nake fara dubawa shi ne inda injin ya tsaya. Wata ba ta shan wuta sam. Wata fitilarta na kamawa, fanka na juyawa, amma ekaran ba ya nuna komai. Wata kuma sai ta nuna tambarin kamfani sannan ta rubuta No bootable device, wato ba ta samu Windows ɗin da za ta tashi da shi ba. Taki ba ta ma sha wuta ba, saboda haka zancen Windows bai taso ba.

In caji bai tashe ta ba, cire cajar, cire kile USB da duk abin da ke jone da ita, ki danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 30 ba sakewa. Wannan yana zubar da ragowar wutar da ta maƙale a allon ciki. Sannan ki mayar da caja ki sa ido kan ƴar fitilar da ke kusa da ramin caji.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada kowa ya kwance mata ko kusa ɗaya. Da zarar an buɗe ta, mai shago ya samu hujjar cewa ku kuka ɓata. Ni gyara ne abincina, in kin kawo kuɗi zan samu, amma sabuwar kwamfuta wurin wanda ya sayar take fara komawa.

Hajiya mai shagon buga takardu, Sabon Gari

Tawa dabam ce, amma bari in faɗa ko wani zai amfana. Na sayo guda don shago, an rage mini kuɗi sosai ina ta murna. Da na kunna sai baƙin allo da ƴan haruffa C:\> da wani ɗan layi yana ƙyaftawa. Na ɗauka ta lalace. Yaron shagona ne ya juya kwalin ya nuna mini inda aka rubuta FreeDOS. Wato kwamfutar lafiyarta ƙalau, babu Windows ne a ciki tun daga kamfani, kuma dalilin arahar ke nan. Mai shagon bai ce mini uffan ba lokacin ciniki, abin da ya ɓata mini rai ke nan har yau. Aka nemo kile mai giga 8 aka zuba mata Windows 11, tana nan tana aiki. Ku riƙa karanta jikin kwali kafin ku ƙirga kuɗi.

Ma'aikacin lafiya, Mirriya

Hajiya sannu da ƙoƙari. Ni kuma caja ce ta wahalar da ni. Yayana ya aiko mini da kwamfuta mai ramin USB-C, cajar ta ɓace a hanya. Ganin bakin ya yi daidai da na wayata, yaran gida suka jona ta kwana guda, ko motsi. Kwamfutar tana son 65W, cajar wayar ba ta kusa da haka ba. Ƙanwata ki duba rubutun da ke bayan cajarki ki gwada da na ƙasan kwamfutar, don akan musanya caja a shago.

Mutane suna yawan ɗora laifi kan raunin wuta lokacin zafi. Cajar kwamfuta tana karɓar daga 100V zuwa 240V, an rubuta a jikinta, don haka rauni kaɗan ba ya hana ta aiki. Abin da ke ƙona ta shi ne wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke. In an ɗauke ki zare, sai ta zauna ki mayar.

Ɗan kasuwa, Zango

Ni dai ban cika yarda da kalmar sabuwa ba, ku yi haƙuri. Na taɓa sayowa ɗana guda a Kano, kwali tsaf, leda tsaf. Muka zo gida ta ƙi wuce tambari. Wani ɗan uwa ya ɗauki lambar da ke ƙasanta ya shigar a shafin kamfanin, sai ga garanti ya ƙare tun tuni. Tsohuwa ce aka goge aka sa wa kwali. Na koma da ita, aka yi ta ja-in-ja, sai da shugabannin layin suka sa baki aka musanya mini. Ƴata, ki duba ko lambar jikin kwali ta yi daidai da ta ƙasan kwamfutar, ki kuma duba kan kusoshin ko akwai ƙarzuwa.

Ɗaliba, Karkada

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Alhaji, lambobin sun yi daidai. Na bar ta a caji, na danne maɓallin yadda Yaya mai gyara ya ce. Yanzu fitila ta kama, ina jin fanka, amma ekaran har yanzu baƙi, kuma fitilar Caps Lock tana ƙyaftawa tana tsayawa.

Mai gyara, bayan kasuwar Dole

To an samu ci gaba, caja da batir sun fita daga zargi. Ƙyaftawar nan saƙo ce. Kwamfutar kamfanin HP kan yi ta da fitilar Caps Lock, ta kamfanin Dell kuma da fitilar caji, fari da ruwan lemo, kuma yawan ƙyaftawar yana nuna sashen da ya ƙi amsawa. Ki ɗauke ta bidiyo da wayarki, shaida ce da ba a musu da ita. Ki jona kwamfutar da talabijin ta wayar HDMI. In hoto ya fito can, ekaran ne ko wayarsa. Ki kuma haska tocila a kaikaice kan ekaran cikin ɗaki mai duhu. In kin hango inuwar rubutu, hasken baya ne ya mutu.

Abin da na fi gani a nan shi ne RAM, ɗan katin ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, da ta goce daga mazauninta saboda jijjigar mota a hanya. Gyaran bai fi minti biyar ba, ciro ta a mayar har ta ce ƙas. Duk da haka mai shago ne zai buɗe da hannunsa, kina tsaye.

Malamin lise, Birni

Ƴata, kada ki je ke kaɗai, ku tafi da Baba tunda shi ya yi cinikin, da faktir da kwali da caja da bidiyon. In musanya za a yi, a rubuta lambar sabuwar a kan faktir ɗin tare da tsawon garanti. Kada ku fito sai an kunna ta a gabanku ta shiga Windows, ta kama wifi, an zare caja ta ci gaba da aiki a kan batir. Ki buɗe shafin rubutu ki danna haruffa ɗaya bayan ɗaya. Tunda da Faransanci za ki rubuta memuwar, ki nemi mai maɓallan rubutu AZERTY, wato jerin haruffan Faransanci. Waɗanda ke shigowa ta Najeriya galibi QWERTY ne, jerin Ingilishi, é da è da ç za su ci miki lokaci.