Adashina zai fito ƙarshen wata, in zuba shi a kasuwancin netwok?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a wata firamaren kuɗi a Zariya, albashina dubu 45. Ranar Asabar ƙanwar maigidana ta ja ni taro a wani otal, na kamfanin da ke sayar da shayin magani, sabulu da audugar mata. An nuna mana hotunan waɗanda suka samu mota da waɗanda aka kai Dubai. Rijista dubu 85, a ba ki kaya, ki kawo mutum biyu, su ma su kawo nasu. Wannan watan ni ce da ɗaukar adashi, dubu 100 cif. Da niyyata in cika in sayi keken ɗinki, yanzu zuciyata ta rabu biyu. Don Allah wanda ya taɓa yi ya gaya min tsakani da Allah, nawa ake samu a wata shidan farko?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Na yi shekara biyu a irinsa, bari in ba ki nawa. Abin da ba a faɗa a taron shi ne rijista ba ita ce ƙarshen kashe kuɗi ba. Duk wata sai kin sayi kaya don makin da kamfanin ke ƙirga miki ya cika, in bai cika ba kamashon da za ki samu daga waɗanda suka shiga ta ƙarƙashinki ya wuce ki. Ga data, ga kuɗin Napep zuwa taro. Wata ukun farko na yi ciniki, amma wa ya saya? Yayata, maƙwabciyata, matan Islamiyyarmu, duk don kunya. Sabulun dubu 4 babu mai maimaita shi alhali ga na ɗari biyar a shagon layi. Da na tsaya na yi lissafi a bayan littafin yarona, watan da na fi samu ribata dubu 11 ce. Har yau akwai katan biyu na shayi a ƙarƙashin gadona, wa'adinsu ya ƙare, na kasa zubarwa.

Amma abin da ya fi ci min rai zumunci ne. Na sa 'yar kawuna ta sayar da 'yan kunnenta na gwal ta shiga ta ƙarƙashina. Ba ta taɓa yi min gori ba, ni ce dai in mun haɗu a biki nake kasa haɗa ido da ita.

Malamin Lissafi:
Hajiya, ki ɗauki biro. Su sun ce mutum biyu, amma a misali in kowa zai kawo mutum biyar, a hawa na 12 kaɗai ana buƙatar mutum sama da miliyan 244, sun fi mutanen Najeriya yawa. Shi ya sa motar take zuwa hannun waɗanda suka riga shiga. Ban ce duka damfara ba ne irin MMM da ta rufe wa mutane kuɗi a Disambar 2016, don ita ko tsinke ba ta sayarwa. Amma ko kamfanin netwok na Herbalife, da girmansa, a 2016 hukuma a Amurka ta sa ya biya dala miliyan 200, aka kuma tilasta masa biyan kamasho bisa ainihin cinikin kaya.

Anti Mai Turare:
Ni har yanzu ina ciki, kuma Alhamdulillah ina samun na cefane, dubu 15 zuwa 20 a wata. Sai dai ina da shagon kayan kwalliya tun da can, kayan suna kan kanta, mai so ya saya. Ba na bin kowa gida ya yi rijista. Ki duba lambar NAFDAC a jikin kayan, sannan ki ce wa ƙanwar maigidan naki ta nuna miki alat ɗinta na wata uku, ba na ogarta ba.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira ta bayan Magariba na tambaye ta alat ɗin, ta yi shiru, can ta ce ita ma bashi ta ci ta shiga kuma bai fita ba tukuna. Wallahi tausayi ta ba ni. Na ce ta kawo min audugar fakiti biyu in saya in gwada. Uwar Biyu, kamfanin naku ba ya karɓar kayan da suka rage ne ya mayar da kuɗi? Ina so in san abin da zan gaya mata gobe.