Fargabar ranar gasa: ku faɗa mana yadda ta zo muku

Lamba Tara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in ji daga bakin waɗanda suka taɓa shiga fili da kansu. A wajen atisaye fenariti ba ya ba ni wahala ko kaɗan, inda na nufa nan ƙwallo take zuwa. Amma ranar da muka tashi canjaras a wasan ƙarshe aka koma bugun daga kai sai mai tsaron gida, tun daga tsakiyar fili na ji gwiwoyina sun yi sanyi. Bakina ya bushe, zuciyata na dukan uku-uku, raga ta ƙanƙance a idona, gola kuma ya cika ta dam. Na buga ta tafi hannunsa salin-alin. Bayan an tashi kocinmu ya ce da ni a gaban kowa wai ba ni da zuciya, maganar nan kuwa har yau tana ci mini rai. Shin rashin zuciya ne, ko kuwa kowa yana jin haka?

Tsohon Gola

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni da na daɗe ina tsaye a ɗaya ɓangaren zan gaya maka abin da idona ya gani. Ban taɓa ganin mai buga fenariti a irin wannan lokaci da gabansa bai faɗi ba. Bambancin kawai, wani yana iya zama da fargabar na ɗan lokaci, wani kuma so yake ya rabu da ita da wuri. Wanda yake son rabuwa da ita nake jira. Za ka ga ya ajiye ƙwallo a gurguje, ya juya mini baya don kada mu haɗa ido, alƙalin wasa na hura usur ya rugo. Irin wannan sau da yawa nakan san inda zai buga tun kafin ya ɗaga ƙafa. Daga baya na ji cewa wani farfesa ɗan ƙasar Norway, Geir Jordet, ya bi bidiyon fenaritin manyan gasanni ya gano abin da muke gani a fili: masu gaggawar bugawa da zarar an hura usur sun fi ɓararwa.

Maganar kocinka kuwa ban yarda da ita ba. Roberto Baggio na Italiya ne ya karɓi kyautar gwarzon ɗan ƙwallon shekara ta Ballon d'Or a 1993, shekara ta zagayo ya ɗaga ƙwallo sama da raga a wasan ƙarshe na kofin duniya tsakanin Italiya da Brazil. Asamoah Gyan ya buga wa sandar sama a minti na ƙarshe na ƙarin lokaci a wasan Ghana da Uruguay a 2010. Abin da mutane ke mantawa shi ne, 'yan mintuna bayan nan da aka koma bugun fenariti, shi ya fara fitowa wa Ghana, kuma ya ci. Marar zuciya ba zai sake ɗaukar ƙwallon nan ba.

Mai Gudun Ɗari

Yaya Gola ka yi gaskiya. Mu masu tsere namu tashin hankalin yana tsakanin lokacin da aka ce a shirya da lokacin da bindiga za ta tashi. Shirun nan ɗan kaɗan ne, amma a cikinsa nakan ji bugun zuciyata a kunnena, yatsuna na rawa a kan layi. Ga kuma doka: tun 2010, wanda ya zabura kafin bindiga sau ɗaya tak an kore shi, kuma idan na'ura ta nuna ka motsa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa bayan ƙarar, ana ɗauka ka riga ta ne. Usain Bolt ma haka ta faru da shi a wasan ƙarshe na mita 100 a gasar duniya ta Daegu a 2011.

Abin da ya taimake ni abu biyu ne. Na farko numfashi: in ja ta hanci, in sake shi a hankali ya fi na ja tsawo, sai in ji bugun ya ɗan lafa. Na biyu, na daina yi wa rawar jikin kallon alamar faɗuwa. Wata tsohuwar 'yar tsere ce ta ce mini, ƙanwata, ranar da kika zo layi ba ki ji komai ba, ranar ce ba za ki yi gudu ba. Tun daga nan idan cikina ya ɗuri ruwa sai in ce wa kaina jiki ne yake shiri.

Ɗan Dambe

Ni nawa ba tsoro ba ne, fushi ne. Idan aka sakar mini naushi mai kyau 'yan kallo suka ɗauki ihu, sai idona ya rufe, in manta duk abin da aka tsara, in sauke hannu in bi mutum ina neman ramuwa. A nan ake samu na. Abokan karawa da suka san halina da gangan suke tsokana ta. Yanzu idan na koma kusurwa, mai horar da ni ba ya yi mini dogon bayani, kalma ɗaya yake maimaitawa, "hannu", har sai na dawo hayyacina.

Kyaftin Baya

Ku yi haƙuri, ni dai ina ganin an fara mayar da wannan magana uzuri. Wanda ya yi atisaye sosai ba ya rawar ƙafa. Mu a lokacinmu ba mu san wani masanin halayyar ɗan Adam ba, kuma mun ci kofuna.

Malam Koci

Kyaftin, ina girmama ka, kuma rabin maganarka gaskiya ce: ba a maye gurbin atisaye da komai. Amma yaron da ya buɗe maganar nan ya ce a atisaye ba ya kuskurewa, ka ga ba nan matsalar take ba.

Ga abin da ke faruwa. Idan ƙwaƙwalwa ta ga haɗari, ko na zaki ne ko na jin kunya a gaban dubban mutane, umarni ɗaya take bayarwa. Sinadarin adrenalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, yawu ya ɗauke, tsokoki su ɗaure, gani ya takure wuri ɗaya. Wannan yana da amfani ga mai ɗaga ƙarfe ko mai zabura da gudu, amma yana ɓata aikin da ke buƙatar laushin ƙafa ko hannu. Tun 1908 wasu masana biyu, Yerkes da Dodson, suka nuna cewa matsin lamba yana ƙara ƙwazo zuwa wani mataki, idan ya wuce nan kuma sai ƙwazon ya fara raguwa, musamman a aiki mai wuya.

Akwai na biyu, wanda ni ya fi ba ni mamaki. Ƙwararren ɗan wasa ba ya tunanin yadda zai ɗora ƙafa a kan ƙwallo, jiki ya riga ya haddace. Fargaba ce take sa shi ya fara sa wa kansa ido: ina zan dafa ƙafar hagu, da wane gefe zan buga. Sian Beilock, wata masaniya a Amurka, ta gwada wannan da ƙwararrun 'yan ƙwallo. Da aka ce su riƙa lura da gefen ƙafar da ke taɓa ƙwallo yayin da suke jan ta, sai suka fi yin nawa. Kamar mai saukowa daga bene ne, idan ya tsaya lissafin kowane taku nan ne zai yi tuntuɓe.

Shi ya sa a wurina ba a buga fenaritin atisaye haka kawai. Sai an gaji liƙis, kowa ya tako shi kaɗai daga tsakiyar fili, sauran suna masa ihu, kuma bugu ɗaya ne babu maimaici. Kowane yaro yana da tsarinsa da ba ya canzawa: yadda zai ajiye ƙwallo, taku nawa zai ja baya, numfashi ɗaya bayan usur, sannan ya kalli inda ya zaɓa tun kafin ya taso. Kuma ba na taɓa ce wa yaro "kada ka ɓarar", domin kalmar da zai tafi da ita ke nan. Ingila ta sha kashi a bugun fenariti shekara da shekaru. Gareth Southgate, wanda shi kansa ya ɓarar a gasar Turai ta 1996, da ya zama koci ya sa aka yi wa abin shiri na musamman, ga kuma masaniyar halayya Pippa Grange tare da tawagar. A 2018 suka fitar da Colombia, karon farko da suka yi nasara a bugun fenariti a kofin duniya.

'Yar Ƙwallon Raga

Malam, na gode da wannan bayani, amma ina so in ƙara wani abu don kada wani ya zaci numfashi yana maganin komai. Bayan an yi mini aiki a gwiwa likita ya ce na warke, ƙafa ta yi ƙarfi, amma duk lokacin da na yi tsalle zan doki ƙwallo sai jikina ya ƙi, in sauko a ɗarare. Daga nan barci ya ƙaurace mini, abinci ya fita raina, ranar atisaye in tashi da kuka ba dalili. Na ɓoye wa kowa saboda tsoron a ce na cika raki. Sai da na ga Simone Biles, 'yar wasan tsalle-tsalle da alkafura ta Amurka, ta janye daga wasan ƙarshe na ƙungiya a gasar Olympics ta Tokyo a 2021, ta fito fili ta ce hankalinta da jikinta sun daina tafiya tare idan tana juyi a sama, sannan na samu ƙarfin zuwa ganin likitan ƙwaƙwalwa. Mutane sun zage ta a lokacin, ta dawo a Paris a 2024 ta ci zinare uku. Idan abin ya bi ka har gida ya hana ka barci, don Allah ka nemi masani, kada ka tsaya jiran ya wuce da kansa.

Alƙalin Wasa

Ni abin da nake lura da shi, tunda ina tsaye kusa, shi ne abin da ke biyo bayan ɓararwa. Wata ƙungiyar za ka ga yaro ya juyo shi kaɗai, kowa ya sunkuyar da kai, mai bugu na gaba yana kallon abin da ke jiransa idan shi ma ya kuskure. Wata kuwa tun bai iso ba sun tare shi sun rungume shi, na gaba sai ya fito da sakin jiki. Bukayo Saka na Ingila yana da shekara 19 lokacin da ya ɓarar da bugun ƙarshe a wasan ƙarshe na gasar Turai a 2021, aka bi shi da zagin wariyar launin fata, amma kocinsa da ƙungiyarsa ta Arsenal suka tsaya masa, har ya zama mai buga musu fenariti. A 2024 ya sake fitowa a bugun fenariti da Switzerland ya ci. Ɗana Lamba Tara, idan kana da wani babba a ƙungiyar da kocinku ke jin maganarsa, ka same shi ka gaya masa yadda kalmar nan ta zauna maka, kuma ka nemi a sa sunanka cikin masu bugawa a wasa na gaba.