Kutsen intanet a zaɓen Amurka na 2016

Bakatsine: Jama'a, shin an tabbatar da cewa kwamitin yaƙin neman zaɓen Trump ya haɗa baki da Rasha a 2016?

Ɗan Zazzau: Malam, kutsen kam ya tabbata, domin a Yulin 2018 an tuhumi jami'an leƙen asirin sojan Rasha 12 da satar saƙonnin jam'iyyar Democrat, waɗanda shafin kwarmata bayanan sirri na WikiLeaks ya wallafa. Sai dai rahoton 2019 na Robert Mueller, mai bincike na musamman kan lamarin, bai samu isasshiyar hujjar haɗin baki ba.

Bazamfariya: Abin mamaki shi ne, da saƙon imel na bogi kawai aka yaudari John Podesta, shugaban kamfen ɗin Hillary Clinton, aka samu kalmar sirrinsa.

Bakatsine: Na gode, Hajiya. Rasha dai ta musanta zargin.